Charlie Byrd, Faifan Jazz Samba Da Rigimar Wa Ya Kai Kiɗan Birazil Amurka

Duk wanda ya taɓa zama a zauren baƙi na wani babban otal, ko ya shiga jirgin sama ana jiran tashi, da wuya a ce bai taɓa jin wani irin kiɗa mai sanyi ba, wanda jita ke tafiya a cikinsa kamar mai sanɗa, wata sarewa kuma tana biye da ita kamar mai raɗa. Sunan wannan kiɗa bossa nova, mahaifarsa kuwa birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil. Idan aka tambayi masu sauraren jaz wa ya fito da shi duniya ta sani, akasarinsu za su ce Stan Getz, mai busa saksofon. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta tsallake mutumin da ya ɗauko kayan tun daga can, ya ɗora wa Getz a kai. Wannan mutum shi ne Charlie Byrd, makaɗin jita, wanda ya rasu a shekarar 1999. Rayuwarsa ta cancanci a waiwaye ta, domin a cikinta akwai tsohuwar tambayar nan da ba ta tsufa, wato wa ya yi noma, wa ya yi girbi, wa kuma ya ci tuwon.

An haife shi ranar 16 ga Satumban 1925 a garin Suffolk na jihar Virginia, ya kuma tashi a wani ƙauye da ke kusa mai suna Chuckatuck. Mahaifinsa ɗan tireda ne, yana kuma taɓa jita da mandolin, shi ya fara ɗora yaron a kan tsirkiya tun yana da kimanin shekara 10. Gidansu gidan kiɗa ne, har ƙaninsa Gene, wanda aka fi sani da Joe, ya zama abokin sana'arsa na tsawon rai. A 1942 ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Virginia, amma bai yi nisa ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ja shi, aka ɗauke shi soja a 1943. Ya shiga fagen daga a Turai, daga baya aka mayar da shi ƙungiyar makaɗan da ke nishaɗantar da sojoji. Wannan aiki ne ya kai shi birnin Paris a 1945, inda ya yi ido biyu da gwanin da yake bege, Django Reinhardt, mutumin da gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, amma ya koma yana yin abin da masu yatsu biyar suka kasa.

Saurayin da ya zauna gaban Django, a ƙa'ida hanyarsa ta miƙe. Zamani ne da makaɗan jaz suka rungumi jitar lantarki, wadda Charlie Christian ya buɗe wa ƙofa a ƙungiyar Benny Goodman tun 1939, kowa yana kaɗa tsirkiyar ƙarfe da ɗan ɓallin roba, yana fitar da amo ɗaya bayan ɗaya kamar mai busa ƙaho. Byrd ya bi wata hanyar daban. Da ya dawo gida ya yi karatun kiɗa a New York, sai ya karkata ga jitar gargajiyar Sifen, wadda ba ta da lantarki, tsirkiyarta ta nailan ce, da yatsu kuma ake tsinkar ta. A 1950 ya koma birnin Washington ya zauna gaban wani malami Bagirke mai suna Sophocles Papas, sannan a 1954 ya tafi garin Siena na Italiya ya ɗauki darasi wurin Andrés Segovia, wanda a wancan zamani babu na biyunsa a wannan fanni.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da nailan ko ƙarfe. To ai duk labarin a nan ya ƙullu. Mai kaɗa jita da ɓalli ɗaya yana da baki ɗaya ne, ko ya rera karin waƙa ko ya riƙe taki. Mai kaɗawa da yatsu kuwa, babban yatsansa na iya riƙe amon ƙasa, sauran ukun suna cakuɗa sautuka a sama, kai ka ce mutum biyu ne ko uku suke kiɗan. Byrd ya kwashe shekaru yana horar da hannunsa a kan wannan, ba tare da ya san cewa a can wata nahiyar wani saurayi na ƙirƙiro kiɗan da sai mai irin wannan hannu zai iya kwaikwayonsa ba. Daga 1957 ya samu wurin zama a wani gidan shaƙatawa na Washington mai suna Showboat, yana haɗa kiɗan Bach da na Duke Ellington a dare guda, abin da wasu ke gani kamar haɗa fura da miyar kuka. A shekarar ce kuma kamfanin Savoy ya fitar masa da faya-fayai biyu, Jazz Recital da Blues for Night People, a lokacin ne ya haɗu da Keter Betts, baƙar fata mai kaɗa ƙatuwar jitar nan ta tsaye da ake kira bes. A 1959 su biyun suka bi ƙungiyar Woody Herman zuwa Turai.

Kafin mu bi shi zuwa Kudancin Amurka, ya kamata a fahimci cewa jaz da kiɗan ƙasashen Latin ba a 1962 suka fara gaisawa ba. Jelly Roll Morton na birnin New Orleans ya taɓa cewa idan babu ɗan gishirin kiɗan Sifaniyawa, yana nufin takin habanera na ƙasar Kyuba, to jaz bai ji magi ba. A 1947 Dizzy Gillespie ya ɗauko maganɗin Kyuba Chano Pozo, suka yi Manteca, gangunan da suka taso daga Afirka ta Yamma suka shigo tsakiyar jaz da ƙarfinsu. A shekarar ce kuma wani makaɗin jita ɗan Birazil, Laurindo Almeida, ya shiga ƙungiyar Stan Kenton, daga baya a 1953 shi da Bud Shank suka ɗauki kiɗan da ya auri jaz da kare-karen Birazil, wanda aka sake fitarwa da sunan Brazilliance. Aikin ya yi kyau, amma bai yi kasuwa ba. A shekarun 1950 duk wanda ya ce Latin a Amurka, mambo da cha-cha-cha yake nufi, wato Kyuba, kiɗan zafi, na ƙaho da ganga da zufa.

Siyasa ce ta rufe wannan ƙofa. Fidel Castro ya karɓi mulki a 1959, Amurka ta yanke hulɗa da Kyuba a Janairun 1961, cikakken takunkumin ciniki kuma ya fara aiki a Fabrairun 1962. Siyasar ce kuma ta buɗe ɗaya ƙofar. Tun 1956 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke tura makaɗan jaz ƙasashen duniya, domin su wanke ƙasar daga tabon wariyar launin fata da Tarayyar Sobiyat ke yi mata gori a kai. Irin wannan yawo ne ya kawo Louis Armstrong Najeriya a 1960, har aka ɗauke shi hoto a Kaduna yana dariya tare da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. A 1961, shekarar da Shugaba Kennedy ya ƙaddamar da shirinsa na jawo ƙasashen Latin a jika, kuma shekarar da mamayar da aka kitsa wa Kyuba ta watse a watan Afrilu, aka tura Byrd da Betts da matashin maganɗinsu Buddy Deppenschmidt rangadin ƙasashen yankin. An aike su ne su kai wa mutane kiɗan Amurka. Abin da ba ya cikin lissafin masu aiken shi ne, ɗan aike zai dawo da tsarabar da ta fi saƙon daraja.

Abin da suka tarar a Birazil sabo ne fil. A 1958 wani saurayi ɗan garin Juazeiro na jihar Bahia, João Gilberto, ya fitar da waƙar Chega de Saudade, wadda Antônio Carlos Jobim ya tsara kiɗanta, Vinicius de Moraes ya rubuta baitocinta. Samba a asalinsa kiɗan taro ne, na gangunan bikin titi, wanda jikokin bayin Afirka suka raya, musamman waɗanda aka kwaso daga yankin Angola da Kwango. Birazil ce ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi a nahiyoyin Amurka, fiye da mutum miliyan 4, ita ce kuma ta ƙarshe da ta haramta bauta, a 1888. Ita wannan Bahia ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, domin can aka kai Hausawa da yawa a farkon ƙarni na 19, suka yi bore tun daga 1807, kuma akwai su cikin Musulmin da suka yi babban tawayen 1835 a birnin Salvador. Wannan ba ya nufin samba kiɗan Hausawa ne, tushensa ya fi karkata ga kudancin Afirka ta Tsakiya, amma ƙasar da ta haifi Gilberto ta sha gumin kakanninmu. Abin da Gilberto ya yi shi ne ya tattara gungun gangunan samba ya zuba su cikin jita guda. Babban yatsansa yana yin aikin babbar ganga, yana bugu daidai wa daida, sauran yatsun suna yin aikin ƙananan ganguna, suna faɗowa gaba kaɗan ko baya kaɗan da inda kunne ke jira. A bisa wannan sai ya ɗora murya ƙasa-ƙasa, ba kururuwa, ba karkarwa. Jobim kuma ya kawo cakuɗar sautuka irin ta wanda ya karanci Debussy.

Byrd ya dawo Washington da faya-fayan Gilberto da Jobim. Dama wani mai gabatar da shirin rediyo a birnin, Felix Grant, ya riga ya fara saka irin wannan kiɗa, don haka kunnuwa ba su rasa shiri ba. A ƙarshen 1961 Stan Getz, wanda bai daɗe da dawowa daga zaman shekaru a Denmark ba, kuma tauraronsa ya fara dushewa a gaban su John Coltrane, ya zo Washington. Byrd ya sa masa faya-fayan ya saurara. Getz ya kai maganar ga Creed Taylor na kamfanin Verve.

Ranar Talata 13 ga Fabrairun 1962, mutum shida suka hallara a wani zaure na cocin All Souls da ke Washington, saboda kyawun amon ɗakin. Getz da saksofon, Byrd da jita, Betts da bes, Joe Byrd yana musanya jita da bes, sai maganɗa biyu, Deppenschmidt da Bill Reichenbach. Dalilin maganɗa biyu shi ne a raba takin samba tsakaninsu, tun da hannun Ba'amurke bai saba da shi ba. Cikin 'yan sa'o'i suka gama kiɗa bakwai. Biyu na Jobim ne da abokinsa Newton Mendonça, wato Desafinado da Samba de Uma Nota Só, biyu na tsohon gwani Ary Barroso, ɗaya na Baden Powell, akwai O Pato da Gilberto ya shahara da ita, sai guda ɗaya da Byrd ya ƙirƙira da kansa. Aka sa wa faifan suna Jazz Samba, ya fito a watan Afrilu. Babu wanda ya yi tsammanin abin da ya biyo baya. Faifan da babu murya ko ɗaya a cikinsa ya yi mako 70 a jadawalin cinikin mujallar Billboard, ya kuma hau matsayi na ɗaya a watan Maris na 1963, a kasuwar da mawaƙan matasa ke mulki. Mendonça bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 1960 yana da shekara 33.

Daga nan rigima ta tashi. A bangon faifan sunaye biyu ne, Getz da Byrd, kafaɗa da kafaɗa. Amma da kamfani ya zo yanko Desafinado domin gidajen rediyo, sai aka taƙaita ta daga kusan minti 6 zuwa kimanin minti 2, aka zubar da wurin da Byrd ya baje kolin jitarsa. Wannan guntun ne ya kai matsayi na 15 a jadawalin waƙoƙi, shi ne kuma ya ciyo wa Getz lambar Grammy a 1963, shi kaɗai. Kuɗin da ke shigowa daga ciniki ma ba su bi ta ƙofar Byrd yadda ya kamata ba. Mutumin da ya je Birazil, ya tsara yadda za a kaɗa, ya kawo ƙungiyarsa, ya zaɓi ɗakin ɗauka, sai ya wayi gari kamar ɗan amshi. Ya maka kamfanin MGM, uwar gijiyar Verve, a kotu, a 1967 kuma aka tabbatar masa da kasonsa na ribar faifan. Zumuncinsa da Getz bai koma daidai ba.

A ganina Byrd yana da gaskiya a wannan shari'a, ko da yake babu mai musun cewa busar Getz ce ta sa faifan ya shiga zukata. Sautin mutumin kamar an halicce shi ne domin karin Jobim. Sai dai labarin bai tsaya a kan wanda aka zalunta da wanda ya yi zalunci ba, domin tsanin yana da matakai da yawa, kowa kuma yana taka kan na ƙasa da shi. Shekaru bayan haka Deppenschmidt da Betts suka fito suka ce su ne suka fara kamuwa da son kiɗan tun a Birazil, su ne suka zauna da mutanen gari suna koyon takin, su ne kuma suka yi watanni suna lallashin Byrd kafin ya yarda a ɗauka. Abin da suka samu shi ne ladan aikin yini ɗaya. Deppenschmidt ya kai tasa ƙarar a kan kamfanin a farkon shekarun 2000, wato bayan shekara kusan 40. A can ƙasan tsani kuma akwai su masu abin. Jobim da Gilberto sun zo New York a Nuwamban 1962 domin wasan da aka shirya a zauren Carnegie, suka tarar kiɗansu ya riga su isowa da sunan wasu. A Maris na 1963 Getz ya ɗauke su suka yi faifan Getz/Gilberto, ba tare da Byrd ba, wanda ya fito a 1964 ya kuma ci Grammy na faifan shekara a 1965. Matar Gilberto, Astrud, wadda muryarta a waƙar yarinyar Ipanema ta sayar da faifan a duniya, kuɗin da aka ba ta ba su taka kara sun karya ba. A ƙarƙashin su duka akwai baƙaƙen fatan unguwannin tudu na Rio, masu samba na asali, waɗanda ko a Birazil ɗin ma wasu ke ganin 'ya'yan masu hali na bakin teku sun ɗauki kiɗansu sun yi masa wanka sun sa masa kwat.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda wannan faifai ya canza matsayin jita a cikin jaz. Kafin 1962 jitar nailan baƙuwa ce a gidajen jaz, bayan haka kuwa duk makaɗin da ke son aiki dole ya iya takin bossa. Kasuwa ta cika da faya-fayai, wasu na ƙwarai, da yawa na neman kuɗi. Cikin na ƙwarai akwai The Latin Bit na Grant Green, wanda aka ɗauka a 1962, ko da yake shi ya fi jingina ga ɓangaren Kyuba da Meziko. Akwai Midnight Blue na Kenny Burrell a 1963, inda gangar konga ta Ray Barretto ta ba kiɗan bulus wani irin rangaji. Jim Hall ya yi Bossa Antigua tare da Paul Desmond, Bola Sete ɗan Birazil ya haɗu da Vince Guaraldi a San Francisco, shi kuma Creed Taylor ya ɗauki darasin da ya koya ya yi amfani da shi a kan Wes Montgomery, har aka samu faifan Tequila a 1966. Getz da kansa, da ya rabu da Byrd, wasu makaɗan jita ya nema, Luiz Bonfá da Laurindo Almeida, alamar ya san ba a yin wannan miya sai da wannan kayan haɗi.

Shi Byrd ya ci gaba da nasa. A kamfanin Riverside ya fitar da Latin Impressions da Bossa Nova Pelos Passaros a 1962, sannan ya koma Columbia ya yi Brazilian Byrd a 1965, wanda ya keɓe wa kiɗan Jobim. Wanda ke son ya ji Byrd a kan ganiyarsa, waɗannan zai nema. Wanda kuma ya saurare shi ya saurari Gilberto a jere zai ji bambanci, domin hannun Byrd ya fi nauyi, takinsa ya fi tsayuwa, akwai sauran bulus na Virginia da ladabin ɗalibin Segovia a ciki, ba shi da wannan lilon na ɗan Bahia. Bai taɓa zama ɗan Birazil ba, kuma abin yabo ne da bai yi ƙoƙarin nuna shi ne ba. A ƙarshen shekarun 1960, da Beatles suka cinye kasuwa, ya yi faya-fayan da ya kwaikwayi waƙoƙin yayi, irin su Aquarius da Let It Be, waɗanda ba su ƙara masa komai ba sai abin cefane.

A 1973 ya koma garin Annapolis na jihar Maryland, bakin ruwa, ya mayar da wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa mai suna King of France Tavern gidansa na biyu. A wannan tsakani ne shi da Barney Kessel da Herb Ellis suka kafa ƙungiyar Great Guitars, jitar nailan guda tsakanin na lantarki biyu, suka zaga duniya. Aikin da ya fi burge ni a shekarunsa na baya shi ne wanda ya yi da Laurindo Almeida, mutumin da ya riga shi gwada wannan aure da shekara tara bai samu ko tukuici ba. Dattawan biyu suka zauna suka yi Brazilian Soul, suka bi shi da Latin Odyssey a 1983 da Tango a 1985, suna tono kiɗan choro na Birazil da na Benezuwela da Ajantina, abubuwan da kasuwar 1962 ba ta da lokacinsu. A nan babu mai jan gaba, babu ɗan amshi.

A 1999 gwamnatin Birazil ta ba shi lambar girmamawa ta Rio Branco, a shekarar kuma ya fitar da wani faifan na kiɗan ƙasar mai suna My Inspiration. Ciwon dajin huhu ya riga ya ci ƙarfinsa, amma ya samu ya shiga ɗakin ɗauka sau ɗaya kuma, ya yi faifan For Louis domin tunawa da Louis Armstrong. Ya rasu a gidansa da ke Annapolis ranar 2 ga Disamban 1999 yana da shekara 74, faifan kuma ya fito a shekarar 2000.